Haihuwar fari a Legas, wanne kaya ne dole wanne ne kwalliya?

Tela_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyalina na da ciki wata 7 kuma na fari ne. Da so samu ne ta tafi goyon ciki Katsina, amma da muka duba kuɗin mota da nisan hanya sai muka ce ta haihu anan. A wajen awo sun bata doguwar takardar kayan haihuwa, ita ma ta rubuto nata, gadon jariri da keken turawa da setin baho. Dubu 250 kacal na tara, ga ragon suna na jirana. Dan Allah masu 'ya'ya ku bani shawara, kaina ya ɗau zafi wlh.

Maman_Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya raba lafiya. Ƙanina takardar asibitin nan ita zaka fara gamawa, audugar mata, safar hannu, Dettol, zannuwa, duk ka haɗa a jaka tun yanzu dan naƙuda bata sallama. Keke kuma manta da shi, ina zaka tura shi a Agege, bakin kwata ko tsakanin 'yan Maruwa masu adaidaita sahu? Zanin goyo biyu masu kauri sun gama magana. Gadon da na saya ma ƙarshe wanki nake tarawa a ciki, gara gidan sauro, shi kam dole ne. Riguna kar ka saya da yawa, 'yan barka zasu kawo har da sabulu da omo, kuma kafin wata 2 sun matse shi. Ka leƙa kasuwar Katangua ta Abule Egba tunda kusa da kai take, akwai gwanjo mai kyau, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana shikenan.

Mai_Shago_Mile12:
Hajiya ta faɗi gaskiya amma ta tsallake babban ɓarawon aljihu, pampas. Sabon jariri sai ya ɓata 8 zuwa 10 a rana, kai lissafa wata guda ka gani. Ni sana'ata ce, tunda kamfanin Pampers ya sanar da daina yi a Najeriya ƙarshen 2023, masu Huggies ma suka rufe na Ikorodu a 2024, mutane suka koma Molfix da ake yi a Agbara da sauran ƙananan. Ka saya babban kunshi a wajen 'yan sari, na ɗai-ɗai a shagon unguwa asara ne, ina faɗa duk da nima shagon gareni. Pampas lamba 1, na sabon haihuwa, kar ka tara, da wuri yake fita. Da rana a sa nafkin na wankewa, pampas sai dare ko fita unguwa.

Anti_Nas:
Madarar gwangwani kar ta shiga lissafinka, nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a bashi, kuɗin ka ciyar da mai jego da shi ta samu nono. Cibiya a shafa Chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, banda gashi da tsumma, banda man goge baki. Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati, BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da na ciwon hanta tun ranar haihuwa, sai sati 6, 10 da 14. Abinda nafi so ka ji, ware wani kuɗi kar ka taɓa, ana iya cewa sai tiyata ko ƙarin jini tsakar dare. Ka tambayi Ilera Eko ma, inshorar lafiya ta jihar Legas.

Tela_Agege:
Nagode sosai Allah ya saka. Na soke keke da gado, baho kam ta ce ko sama da ƙasa zasu haɗu sai an saya, na bar mata. To ragon fa?

Mai_Shago_Mile12:
Ba sai ƙato mai ƙaho ba malam, tunkiya ko akuya lafiyayya da ta kai shekarun layya ta isar. Je kasuwar dabbobi ta Oko-Oba da sassafe da wanda ya san dabba, kuma kar ka bari dillali ya ji cewa na fari ne.