Me za mu kira hermaphrodite na tsutsar C. elegans?

Malamin sakandare, Ringim:
Assalamu alaikum. Ran Litinin zan koyar da yadda gado ke tantance jinsi, da misalin tsutsar C. elegans mai tsawon milimita 1. Mai kiromosom X ɗaya (kiromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) namiji ne, mai X biyu kuma ita ce hermaphrodite, wato mai yin ƙwai da maniyyi duka. In ce mata-maza?

Malamar gona, Kadawa:
Malam, mata-maza zai sa yara su ɗauka tawaya ce, alhali su ne kusan duka garken. Namiji bai fi ɗaya cikin 500 zuwa 1000 ba. Jikinta na mace ne. Gab da balaga takan ƙera maniyyi kamar 300 ta ajiye, sai ta koma yin ƙwai. Ba ta iya barbarar wata, kanta kaɗai. A ce mai-barbarar-kai.

Dattijo, Gwarzo:
Me ya hana hunsa? Tana cikin fiƙihu tun kaka da kakanni, har a babin rabon gado. Kun karɓi kiromosom daga Bature ba musu, sai tamu ce za a tsaya ƙirƙira.

Malamar gona:
Allah ya gafarta Malam, hunsa hukuncin mutum ne da al'amarinsa ya rikice. Nan babu rikici. Tsutsar tana auna yawan X ne da sauran kiromosom. In X ɗaya ne, ƙwayar gado xol-1 ta tashi, her-1 ta biyo, tra-1 ta daina aiki, a sami namiji. In biyu ne, xol-1 ta kwanta, tra-1 ta yi aiki. Lalata tra-1, mai X biyu ta fito da jikin namiji.

Dattijo:
'Yata, hunsa ta fi ƙima a bakin malamai. Barbara ta kaji ce.

Ɗalibin jami'a, Dambatta:
Baba, manoma na cewa barbarar masara ma. Malam, ka gaya wa yara namiji na fitowa ne idan X ɗaya ya ɓace wajen rabuwar kiromosom lokacin ƙera ƙwai ko maniyyi, kuma zafin digiri 30 a ma'aunin Celsius na 'yan sa'o'i yana ƙara yawan mazan.

Malamin sakandare:
Na gode. Mai-barbarar-kai zan rubuta a allo, in ambaci mata-maza sau ɗaya don su gane.

Dattijo:
To, shi ke nan. Amma kiromosom ɗin nan ban yarda da ita ba.