Ta yaya zan shigo da hoton kyamarar nesa cikin OBS ba tare da na'ura mai tsada ba?

Ɗan Rumde, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin watsa bikin Sallah kai tsaye a Facebook. Kwamfutar haɗa shiri tana ofishinmu, da OBS, manhajar haɗa hotuna da watsa shiri, a kanta. Muna son kyamara ɗaya a filin idi, wajen kilomita 3 daga ofis, ɗaya a ƙofar fadar Lamiɗo saboda hawan dawaki, sai kuma wani malami a Ngaundare da mai gabatarwa zai yi wa tambayoyi. Abin da ke hannunmu wayoyin Android uku ne, kyamarar bidiyo ɗaya mai HDMI, da modem na 4G. Jakar LiveU, na'urar tura hoto kai tsaye ta layukan waya, ta fi ƙarfin aljihunmu. An ce in buɗe ƙofa (port) a modem in karɓi hoton ta SRT, wata hanyar tura bidiyo ta intanet, na buɗe ƙofa mai lamba 9001, amma wayar ba ta ganin kwamfutar sam. Ina matsalar take, kuma wace hanya ce mai arha da ba za ta yanke mana a tsakiyar shiri ba?

Injiniyan Domayo, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin ba na OBS ba ne, ba kuma na wayar ba. Layukan 4G yawanci suna tara dubban masu amfani a bayan adireshin IP guda, abin da ake kira CGNAT. Shiga shafin modem ɗinka ka duba adireshin da kamfani ya ba shi. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ƙofar da ka buɗe ta cikin gida ce, ta zaure tana hannun kamfani. Ko ƙofa ɗari ka buɗe, babu mai iso gare ka daga waje.

Maganin shi ne kowa ya kira wani wuri na uku mai adireshi a fili. Ka yi hayar ƙaramar sabar intanet, VPS mai Linux, irin ta yuro 5 a wata, wato sefa 3,300 ko kusa da haka. Ka zaɓi wadda take Faransa. Ka sa mata MediaMTX, manhajar da ke karɓar hoto ta miƙa shi gaba, kyauta ne, fayil guda ne kake kunnawa. Yana sauraron SRT a ƙofa 8890, kuma ƙofar irin ta UDP ce, ba TCP ba, don haka UDP za ka buɗe a katangar tsaron sabar (firewall). Masu buɗe TCP kawai suna yini suna neman abin da ya lalace.

A waya ka sa manhajar tura hoto, Larix Broadcaster ko IRL Pro, ka ba ta:
srt://adireshin-saba:8890 da streamid publish:fada

A OBS ka ƙara Media Source, wanda a OBS na Faransanci yake Source média, ka cire alamar Fichier local, ka rubuta:
srt://adireshin-saba:8890?streamid=read:fada&latency=1000000
A gurbin tsarin shigarwa ka sa mpegts.

Ka lura da lambar latency, wato jinkiri, da ke ƙarshen adireshin, nan mutane da yawa ke faɗawa. Larix yana lissafin jinkiri da milisakan, 2000 ke nan daƙiƙa biyu. OBS kuwa da maikirosakan yake lissafi, sai ka rubuta 2000000 kafin ka sami daƙiƙa biyun. Wanda ya rubuta 2000 a OBS bai ba SRT lokacin komai ba. Amfanin jinkirin shi ne, in wani ɓangare na hoton ya ɓace a hanya, mai karɓa ya nemi a sake turo shi kafin lokacin nuna shi ya yi. Ƙa'idar ita ce aƙalla ninki huɗu na lokacin da saƙo ke ɗauka zuwa saba da dawowa, amma a 4G ranar taro kada ka sauka ƙasa da daƙiƙa biyu a ɓangaren waya.

Kuma ka sa suna da kalmar sirri a fayil ɗin mediamtx.yml. In ka bar shi yadda ya zo, duk wanda ya san adireshin zai iya tura maka abin da ya ga dama, kana tsaka da shiri.

Hajiyar Sauti, Njamena:

Bayanin Injiniya daidai ne ga kyamarar fada, amma kada ka bi da malamin Ngaundare ta nan. Daƙiƙa biyu daga waya zuwa saba, ɗaya daga saba zuwa ofis, ga na sarrafa hoto, sai a yi tambaya malam ya yi shiru na daƙiƙa huɗu. Masu kallo za su ɗauka bai ji ba, mai gabatarwa ya maimaita, su haɗu a baki.

Hira aikin VDO.Ninja ne, wani shafin intanet da ke tura hoto kai tsaye. Ba ka biyan komai, ba a saka wata manhaja, jinkirinsa kuma ba ya kai daƙiƙa ɗaya in layi na da kyau. Malam ya buɗe Chrome a wayarsa ya shiga vdo.ninja/?push=wanisuna, kai kuma ka sa vdo.ninja/?view=wanisuna a Browser Source na OBS, faɗi 1280 tsawo 720. Ka ƙara &videobitrate=1200 a mahaɗin kallo. Mutum a zaune yana magana ba ya buƙatar fiye da haka. Ka zaɓi suna mai wuyar cinka, ka ƙara &password a mahaɗan biyu. A cikin saitin Browser Source ka sa alamar da ke ba OBS ikon sarrafa sautin, in ba haka ba muryarsa ba za ta fito a ma'aunin sauti ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan hira amsa-kuwwa ce. Dole malam ya sa abin kunne. Abin da za ka mayar masa kuma muryar mai gabatarwa kaɗai ce, ban da tasa. In ka tura masa shirin gaba ɗaya zai ji kansa a makare, kuma ba mai iya jera magana a haka, komai iliminsa. Hanya mai sauƙi ita ce mai gabatarwa ya shiga ɗaki ɗaya da shi a VDO.Ninja ta wata waya da abin kunne.

Raunin VDO.Ninja shi ne in layi ya yi rauni hoton yakan dagule nan take, ba shi da ajiyar daƙiƙoƙi irin ta SRT. Shi ya sa ban ba ka shawarar sa shi a wurin dawaki ba, inda ƙura da gudu ke cin bitiret, wato yawan datar da hoto ke ci a daƙiƙa.

Baban Eriya, Kuseri:

Ni filin idin ne ya dame ni, yaro. Gwajin da za ka yi ranar Talata da hantsi ba shi ne abin da za ka gani ranar Sallah ba. Dubban mutane a wuri guda, kowa na tura hoto a WhatsApp, eriyar unguwar ta cika, turawarka ta faɗi ƙasa. Kilomita 3 kuwa ba nisa ba ne. In daga rufin ofis ana hangen wani dogon gini kusa da filin, ka nemi eriya biyu na 5 GHz, LiteBeam 5AC na Ubiquiti ko CPE510 na TP-Link, ka haɗa su su fuskanci juna. Ba data, ba saba. Kyamarar ta zama kamar tana cikin ofis, sai OBS ya saurara kai tsaye da srt://0.0.0.0:9001?mode=listener&latency=200000.

Hange kawai bai isa ba. A wannan nisa kana son sarari na kusan mita 4 kewaye da layin a tsakiyar hanya, don haka kan darbejiya da ke shafar layin zai rage maka ƙarfi. Ka ɗaga sanda. Kebul ɗin Cat6 daga eriya zuwa ƙasa kada ya wuce mita 100. Kowace eriya wajen wat 10 take ci ta PoE, wato wutar da ke bi ta cikin kebul ɗin, ƙaramin batir da inbata sun riƙe ta har a sauko daga idi.

Kyamararka mai HDMI nan za ka kai ta, don tana jawo hoton liman daga nesa, abin da waya ba ta iyawa da kyau. Ka saya mata ɗan kama-hoto na HDMI zuwa USB, ka haɗa da wata laftof mai OBS, ita ta tura SRT. Masu arhar nan da yawa an rubuta musu 4K a kwali, amma 1080 a firam 30 suke bayarwa, kuma ya ishe ka. Ka sa duk kyamarorin a firam 25, don wutarmu 50 Hz ce, in ba haka ba fitilun ofis za su riƙa ƙyaftawa a hoto.

Wayoyi kuma zafi ne ajalinsu. Waya a rana tana caji tana turawa, ba ta daɗewa take rage gudu ko ta kashe kyamara. Ka cire mata riga, ka rage hasken fuska, ka kafa mata laima.

Ɗan Rumde, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, zan hau rufi in duba hangen. Saura biyu: data nawa zan tanada, kuma me ya sa hoton SRT yake ɗaukar lokaci kafin ya dawo duk sanda aka sauya fage (scene) a OBS?

Injiniyan Domayo, Marwa:

Lissafin ba wuya. Hoton 720 a 2 Mbps da sauti 128 kbps yana cin kusan megabait 960 a awa. Da abin da ake sake turawa, ka ware giga ɗaya da rabi a awa ga wayar fada. Ka auna ƙarfin turawa a daidai inda mai kyamara zai tsaya, da MTN da Orange duka, ka ɗauki wanda ya fi, sannan kada bitiret ɗinka ya wuce rabin abin da ka auna. Ragowar rabin shi SRT ke gyara da shi. A ofis, turawa Facebook a 3 Mbps giga 1.35 ne a awa, ban da abin da kake saukewa. Ka ware giga huɗu a awa, kuma in da hali layin turawa ya zama daban da na karɓa.

Batun sauya fage kuwa saiti ne. A cikin Media Source akwai alamar sake farawa idan majiyar ta dawo aiki, da ta rufe fayil idan ba a amfani da shi. Ka cire su duka biyu, don da su OBS yana katse haɗin ne ya sake kira. Lokacin jira kafin sake haɗuwa kuma yana zuwa a daƙiƙa 10, ka mayar da shi 2.

Muryar wakilinka na fada ta shiga ta makirufon da ke jikin wayar da ke tura hoton, su taho tare. Kiran waya na umarni ne kawai, a kunnensa. In ka ɗauki murya daga kiran ka ɗora kan hoton SRT, maganar za ta riga bakinsa da daƙiƙa uku ko huɗu.