Neman shawara a kan kalmomin shari'ar laifi

Malam Isufu: Assalamu alaikum, ƴan zaure. Ina shirya wani shiri da Hausa a wani gidan rediyo na nan Tawa, a Nijar, a kan haƙƙin wanda aka kama, kuma ina neman shawararku a kan inda zan samo kalmomin da ba za su ɓatar da masu saurare ba.

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, domin a can aka kasa laifi gida uku: contravention, wato ƙaramin laifi irin na tara, délit, kamar sata ko zamba, sai crime, babban laifi irin kisan kai. Idan ka kira su duka laifi kawai, mai saurare ba zai gane dalilin da shari'ar wani take ƙarewa da wuri ta wani kuma ta daɗe a hannun alƙali mai bincike ba.

Alhaji Mamman: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda iyalai ke haɗa tsarewa da ɗauri. Garde à vue tsarewa ce a hannun ƴan sanda ko jandarma, awa 48 a laifuka na gama-gari, kuma ba a ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara. Ko wanda aka kai gidan kaso da mandat de dépôt, wato takardar umarnin tsare shi kafin shari'a, tuhumarsa ake yi, ba a yanke masa hukunci ba. Na ga uwa tsaye da kwanon tuwo a ƙofar kaso tana kuka cewa an ɗaure ɗanta, alhali ko gaban kotu bai je ba.

Malama Hadiza: Yaya Isufu, ka yi hattara da kalmomin da muke ji a tashoshin Najeriya, domin tsarinsu na Ingila ne, namu na Faransa. Maimakon beli, ka ce sakin talala, sursis kuma ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

Alhaji Mamman: Ka kuma zauna a kotu ranar zama ka saurari tafinta, sannan ka gayyato jami'in hukumar ANAJJ, wadda ke taimaka wa marasa hali su samu lauya kyauta.

Malam Isufu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da zaman kotun, sannan in turo jerin kalmomin nan zaure ku duba kafin a watsa shirin.