Neman Taimako Kan Ƙidayar Binciken Korona Na Jihar Gombe

Assalamu alaikum malamaina. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a Gombe, ina ƙidayar maƙalolin lafiya da masu bincikenmu suka wallafa kan korona daga 2020 zuwa 2022. Da na rubuta Gombe a gurbin adireshin marubuci a PubMed, wato rumbun maƙalolin lafiya na intanet, sai ga maƙalolin Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sun cakuɗe da namu, domin ashe can ma akwai unguwa mai wannan suna, har da na dajin Gombe na Tanzaniya inda ake nazarin birrai. Na gwada ƙara kalmar Najeriya, amma wasu namu suka zube. Don Allah, wace dabara ce za ta tace su ba tare da na bi ɗaya bayan ɗaya ba?