Neman shawara: uwar sojan da bai dawo ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta labari ne a kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A ciki akwai Inna, mazauniyar Rafindaɗi a nan Katsina. Ɗanta na fari ya shiga soja, yana cikin runduna ta biyu ta Murtala Muhammed da ta yi yunƙurin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoban 1967, inda sojoji da yawa suka halaka a ruwa. Aka gama yaƙi a Janairun 1970, abokan tafiyarsa suka dawo, shi ko ɗuriyarsa. Sau uku ina rubuta babin, kullum Inna sai ta faɗi tana birgima tana kururuwa, amma in na karanta ba ya taɓa mini zuciya. Ina na kuskure? Abin ya tsaya mini a rai.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ɗan fari kika ce fa. Uwar wancan zamanin ko sunan ɗan fari ba ta faɗa, balle ta yi kururuwa a kansa gaban mutane. Kara ba za ta bari ba. Kishiyarta ce za ta yi kukan a fili, ita kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, in an yi mata jaje ta ce "Allah ya bayyana". Na ga irin haka a gidanmu. Kakata kullum sai ta zuba tuwon dare a kwanon ɗanta ta rufe da faifai, da safe ta miƙa wa almajiri. Shekara da shekaru ba wanda ya iya ce mata ta daina, ita ma ba ta taɓa faɗin na wane ne ba. Har yau in na tuna kwanon nan sai idona ya cika.

Malam Ƙarami: Ƙanwata, ki lura babu gawa. Ba wanka, ba sutura, ba a kai shi maƙabartar Ɗanmarna ba, ba zaman makoki na kwana uku. Mutane ma ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi mata ba. In yana da aure, matarsa ita ma tana tsaka mai wuya: ba za ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma ba sai alƙali ya yanke hukunci a kan ɓatansa. Kuma kada ki ɗauka hawaye rashin tawakkali ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ki bar Inna ta yi nata a sujadar asuba.

Ɗan tsohon soja: Ki saka abokinsa da ya dawo. Mahaifina ya yi yaƙin, akwai layin da ya daina bi har ya rasu, don kada uwar abokinsa ta tambaye shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin yarda in ari kwanon nan?

Hajiya Babba: Ɗauki, 'yata. Kwanon samira ne, bakinsa ya ɗan ɓantare. Ki sa ta cikin addu'a.