Me ya sa aka yi wa Rachid Bouchareb ca a kan fim ɗinsa na yaƙin Aljeriya?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamanmu game da Rachid Bouchareb, mai shirya fina-finai da aka haifa a Faris a 1953, wanda iyayensa 'yan Aljeriya ne. A 2006 Faransa ta karrama shi saboda Indigènes, har manyan 'yan wasansa biyar suka raba kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Cannes, amma da ya kawo Hors-la-loi a 2010 sai aka yi masa zanga-zanga a wannan gari. Ƙarya ya shara wa tarihi, ko kuwa gaskiya ce ta yi ɗaci?

Malamin Tarihi, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina mutumin bai sauya ba, inda ya juya kyamararsa ne ya sauya. Indigènes labarin sojojin Arewacin Afirka ne da suka ba da jininsu don 'yantar da Faransa a yaƙin duniya na biyu, kuma da fim ɗin ya fito sai gwamnatin Jacques Chirac ta sanar da ƙarin fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mulka, wanda aka daskarar tun 1959, matakin da ya shafi kakanninmu na Nijar su ma. Bafaranshe na iya kallon wannan ya ji kunya ba tare da ya ji an ci zarafinsa ba. Hors-la-loi kuwa ya bi wasu 'yan'uwa uku ne tun daga kisan kiyashin garin Setif a Aljeriya na 8 ga Mayu 1945 har zuwa gwagwarmayar FLN, ƙungiyar neman 'yancin Aljeriya, a cikin Faris kanta, wato waɗanda jiya suka mutu domin Faransa yau su ne ke ɗaukar makami a kanta. Ɗan majalisar Faransa Lionnel Luca ya kira fim ɗin na ƙin jinin Faransa tun bai gan shi ba, kuma ranar da aka nuna shi mutane fiye da 1,000 suka fito, ciki har da tsofaffin sojoji da Turawan da suka baro Aljeriya a 1962.

Hajiya ta Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba, amma kada mu wanke shi tas. Fim ɗin ya dunƙule abin da ya faru a Setif kamar a yini ɗaya aka yi shi, alhali kashe-kashen sun ɗauki makonni, sun kai har Guelma da Kherrata. An kashe Turawa kusan 100, gwamnatin Aljeriya na cewa nata mutanen 45,000 ne suka mutu, masana tarihi da dama kuma suna kawo adadi ƙasa da haka, ko da yake dubbai ne. Wanda ya san abokan gaba na dakonsa bai kamata ya bar musu ƙofa irin wannan ba, domin da ita suka shiga suka kauce wa maganar gawawwakin.

Malamin Tarihi, Zango:
Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai shi kansa ya bayyana cewa fim na ƙirƙira ya yi, ba littafin makaranta ba, kuma duk da hayaniyar ya shiga sahun biyar na ƙarshe a gasar Oscar ta fina-finan harsunan waje, da sunan Aljeriya.

Dattijon Garin Malam:
'Ya'yana, mu mutanen Damagaram ba baƙi ba ne a wannan muhawara. Mai shirya fina-finai Med Hondo ya ɗauki littafin Abdoulaye Mamani ya yi fim ɗin Sarraounia a 1986, a kan ta'asar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta tafka a ƙasar nan a 1899, shekarar da aka yi yaƙin Tirmini Turawa suka shiga Zinder. Labarin namu ne, amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. Ɗan Birni, ka nemi wannan ka kalla kafin na Bouchareb, sannan ka dawo mu tattauna yadda kowannensu ya nuna sojojin Afirka da ke cikin rundunar Turawa.