Neman shawara: jiragen nan masu araha da gaske ana rage kuɗi da su?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka saba tafiya ku taimaka min da shawara. Muna shirin zuwa hutu ni da maigida da yara kuma so muke mu ga gari fiye da ɗaya a Turai, shine na shiga duba tikiti na ga kamfanoni irin su Ryanair da Wizz Air da easyJet farashinsu ya yi ƙasa sosai da na manyan kamfanoni, wani ma sai ka rantse kuskure aka yi wurin rubutawa. Maigida ya ce shi sam bai yarda ba wai araha ba ta ado, ƙila tsofaffin jirage ne da ba a kula da su, ni kuma wallahi ina ganin in muka rage a tikiti kuɗin zai mana amfani a otal. To lafiyar jiragen fa? Kuma ina kuɗin yake ɓuya, don na san ba sadaka suke yi ba. Da yara zai yiwu kuwa?

Tsohon ma'aikacin filin jirgi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki faɗa wa maigida ya kwantar da hankalinsa ta wajen lafiyar jirgi, dokar da ke kan manyan kamfanoni ita ce a kansu, hukuma ɗaya ke sa musu ido, babu wanda ake ɗaga wa ƙafa a gyara ko horar da matuƙa don tikitinsa na da araha. Inda suke rage kuɗi daban ne. Tsarin ya samo asali daga Southwest a Amurka da ya fara tashi a 1971, daga baya Ryanair ya ɗauka ya kawo Turai. Jirgi iri ɗaya suke tarawa, Ryanair kusan duk Boeing 737 ne, easyJet da Wizz Air kuma Airbus, kin ga kayan gyara iri ɗaya horo iri ɗaya. Suna cika kujeru, 737-800 na Ryanair mutum 189 yake ɗauka, kuma in jirgi ya sauka wajen minti 25 zuwa 30 ya juya ya sake tashi domin jirgin da ke tsaye a ƙasa ba ya kawo ko sisi. Sauran ribar kuma daga hannunki za ta fito, tikitin nan da kika gani kuɗin kujera ne kawai da ƙaramar jaka, akwati da zaɓen wurin zama da ruwan sha duk sai kin saya.

Anti mai yawo:
Maganar kaya nan ne gidan rikicin 'yar uwa. Jakar da suke bari kyauta ita ce wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanki, ba ta saman kai ba, ta saman kai ma biya ake. Wizz Air santimita 40 da 30 da 20 ne, easyJet 45 da 36 da 20, kuma a easyJet har da taya da hannun jakar ake aunawa. A bakin ƙofar shiga jirgi akwai wani keji na ƙarfe da ake cusa jaka a ciki, in ta ƙi shiga a nan take za ki biya kuma kuɗin ƙofa ya fi na intanet tsada nesa ba kusa ba. Da idona na ga wani bawan Allah ya durƙusa a ƙasa ya buɗe jaka yana ciro riguna yana ɗorawa a jikinsa ɗaya kan ɗaya ana layi a bayansa, gumi yana zuba, ƙarshe dai zip ɗin ya ƙi rufuwa sai da ya biya, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Tunda da yara za ku kar ku saya wa kowa akwati, ku sayi babba ɗaya ko biyu tun lokacin sayen tikiti ku haɗa kayan kowa, ki auna a gida da sikeli, sannan kowa ya riƙe ƙaramar jakarsa ta kyauta. Turare da mai da duk wani abu mai ruwa kar ya wuce mililita 100 in a jakar hannu ne, haka dokar take a yawancin filayen jirgi.

Sabon shiga:
Nima tambayar da ke raina kenan, ina nan ina karantawa.

Malamin lissafi:
Hajiya abu ɗaya da mutane ba sa dubawa shi ne wane fili jirgin zai sauka. Za a rubuta miki Faris amma Beauvais ne, kimanin kilomita 85 daga cikin gari, sai kin hau bas fiye da awa ɗaya. Frankfurt-Hahn ya fi kilomita 100 daga Frankfurt. Milan sau da yawa Bergamo ne, Brussels kuma Charleroi. Kuɗin bas ɗin nan kowane kai ake biya, zuwa da dawowa, to ki ninka da yawanku ki gani. Sannan tikitin da ya fi araha yawanci na asuba ne ko na tsakar dare, lokacin da jirgin ƙasa da bas ba su fara ba ko sun tashi aiki, sai ki koma tasi ko ki kwana otal kusa da filin, shikenan abin da kika rage ya tafi. Ni yadda nake yi takarda nake ɗauka in rubuta tun daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, tikiti, akwati, kujera, mota, abinci a hanya, in yi wa babban kamfani irin wannan lissafin, sai in ajiye su gefe da gefe. Sau da yawa mai arahar yana cin nasara, amma ba kullum ba, musamman in kaya sun yi yawa.

Uwar yara:
Ni kam gaskiya ina bayan maigidanki ta wani ɓangaren. Ba don tsoron jirgin ba, don wahala. Kujerun a matse suke wasu ma ba sa kwanciya baya, wani filin da ƙafa za ku taka zuwa jirgi ku hau tsani ko ana ruwa ko ana sanyi kina riƙe da yaro da jaka. In tafiyar awa biyu ce babu komai za a jure, amma in ta yi tsawo ni ba zan ba ki shawara ba, hutu aka je ba gwajin haƙuri ba.

Mai tambaya:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri, kun buɗe min ido. Tafiye-tafiyen gajeru ne Anti, tsakanin garuruwa. Amma Yaya maganar kujera fa, in ban biya ba raba ni za su yi da yaran? Sannan na ga wani shafi ya haɗa min jirgi biyu na kamfanoni daban-daban, a sauka a wani gari a canza, kuma shi ya fi duka araha.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi:
In ba ki biya ba kwamfuta ce ke raba kujeru yadda ta ga dama. Ryanair ma dole ne babba mai tafe da yara 'yan ƙasa da shekara 12 ya sayi kujera, sai a ba yaran kusa da shi kyauta, maigida kuwa ya zauna duk inda aka jefa shi ba sai an biya masa ba.

Amma wancan haɗin jirgi biyun ki yi hankali da shi ƙwarai, nan ne na fi jin tsoro a duk maganar nan. Waɗannan kamfanonin daga gari zuwa gari suke sayar da tikiti, in kin haɗa biyu da kanki to tikiti biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Na farko ya makara kika rasa na biyu, ba wanda zai ɗora ki a wani jirgin kyauta, sabon tikiti za ki saya a farashin ranar ke da duk iyalin. Akwatinki ma ba zai wuce kai tsaye ba sai kin fito kin ɗauka kin sake miƙawa, kuma fitowar nan na nufin kin shiga ƙasar, wato sai da bizarta. Ki tuna bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shiga Birtaniya ba ta shiga Ireland, sai ki ga tikitin Faris zuwa Landan kamar kyauta ki saya, a filin jirgi a ce ina biza, kuma kuɗin ba ya dawowa. In dole sai kun canza jirgi ku bar tazarar awanni masu yawa ko ma ku kwana. Akwai irin su Pegasus ta Istanbul da Air Arabia ta Sharja da flydubai da ke sayar da tafiya mai yada zango a tikiti ɗaya, wannan daban ne, in an makara su ne da alhakin kai ki.

Admin:
Bari in ƙara kaɗan. Ki yi amfani da Google Flights ko Skyscanner ki ga ranakun da suka fi sauƙi, tsakiyar mako yakan fi ƙarshen mako sauƙi kuma lokacin hutun makaranta komai tashi yake, amma saye ki je shafin kamfanin da kansa, don in matsala ta taso ta hannun dillali kowa tura ki zai yi wurin ɗan uwansa. Ki rubuta sunan kowa daidai da yadda yake a fasfo harafi da harafi, gyaran suna tsada gare shi. Cekin, wato tabbatar da tafiya da karɓar takardar shiga jirgi, ta waya ake yi kafin a je fili, in kika bari sai a kanta wasu caji suke mai zafi a kan kowane mutum, kuma duk da haka mai fasfon da ba na Tarayyar Turai ba ya je da wuri don wasu sai sun duba takardunsa a kanta tukuna. Wurin biya in shafin ya ce zai juya miki kuɗin zuwa na katinki ki ƙi, canjinsu yakan fi na banki tsada. Za su yi ta tallata miki inshora da hayar mota da shiga jirgi da wuri, ki dinga karantawa kafin ki danna, amma inshorar tafiya ki nema daban kar ki tafi babu, kamfani yana iya durƙushewa, WOW air na Iceland ya tsaya cak a watan Maris na 2019 mutane suka maƙale a ƙasashen waje.

Kuma ki san haƙƙinki, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashensu komai arahar tikitin, in kun isa a makare da awa 3 ko fiye kuma laifin kamfanin ne ba yanayi ba, akwai diyya daga Yuro 250 zuwa 600 ga kowane fasinja gwargwadon nisan tafiya. Ba sa kawo miki har gida, ke za ki cike fom a shafinsu, don haka ki adana takardar shiga jirgi.

Mai tambaya:
Madalla, wancan haɗin na fasa shi tun yanzu. Yau da daddare zan zauna da maigida mu yi lissafin Malam a takarda. Saura ɗaya, keken tura jariri shi ma sai an biya?

Anti mai yawo:
A'a wannan kyauta ne a Ryanair da easyJet, kina iya tura shi har bakin jirgi su karɓa su sa a wurin kaya na ƙasan jirgi. Ki dai tsaya a kanta su maƙala masa tambari, kuma ki cire duk abin da ke aljihunsa kafin ki miƙa.